Filin Tambayoyinku: Daga Labo Zuwa Bakin Kasuwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kamar kun haɗa baki, wani na tambaya kan magani, wani kan damina, wani kan buhun wake, amma in ka duba abu ɗaya ke damun kowa, wato abin da masana suka gano ta ina yake biyowa kafin ya iso kunnenmu, kuma me ke samun shi a hanya. Na zaɓi shida. Kamar kullum ba ma sa suna, sai gari ko unguwa.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a unguwar Bagalam: Malam ina wuni ya iyali. Don Allah a gurup ɗinmu na WhatsApp kullum sai an turo saƙon murya wai wani dokta a Faransa ko Indiya ya gano in ka dafa ganyen kaza da kaza ka sha da safe ciwon suga ya tafi kenan har abada, kuma sai a ce bincike ya tabbatar. Yayana har ya aje maganin da likita ya rubuta mishi ya koma ma wannan. Mutum irina da bai yi lakwal mai nisa ba ta yaya zai gane na gaskiya?

AMSA: Alhaji kafin komai ka je wajen yayanka yau ba gobe ba, ka lallashe shi ya koma ga maganinsa kuma a je a auna sugan. Ciwon suga ba ya ihu, a ɓoye yake cin ido da ƙoda da ƙafa, mutum na jin garau alhali ana ta ɓarna a ciki. In yana son ganyen ya faɗa ma likitansa abin da yake sha, amma kada ya aje maganin.

Sai batun ganewa. Ai mu wannan ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. In aka kawo ma malami hadisi ba ya cewa tunda lafazin ya yi daɗi shi kenan, sai ya nemi isnadi, wa ya ruwaito, daga wa ya ji, an san mai ruwayar da gaskiya da kyan hadda ko a'a. Ba wai ina haɗa hadisi da zancen likitoci ba ne, tambayar nake nufi. Saƙon da ya ce "wani dokta" ba suna, ba asibiti, ba shekara, to maganar da ba ta da isnadi ce.

Su masana ba ta saƙon murya suke sanar da junansu ba. In mutum ya gama bincike rubutawa yake yi dalla-dalla, mutum nawa ya gwada a kansu, me ya ba su, wa ya bari bai ba don a kwatanta, da me ya auna, me ya samu, har da inda aikin nasa ke da rauni. Sai ya aika ma mujallar fannin, shi kuma editan mujalla ya tura ma wasu masana biyu ko uku da suka san fannin ciki da bai, galibi ba a faɗa ma marubucin ko su wa ne ba, aikinsu kawai su nemo kuskure. Sukan ce lissafinka bai yi ba, ko mutanen da ka gwada sun yi kaɗan, ko ka sake wannan gwajin, a yi ta kai da komo wata da watanni, kuma da yawa a ƙarshe a ce ba za a buga ba. Irin waɗannan mujallu tun 1665 aka fara su, ɗaya a Paris ɗaya a Landan, shi kuma wannan tankaɗen daga baya ya zauna da gindinsa. In an buga ɗin ma ba a gama ba, sai wasu a wata ƙasa sun maimaita sun ga ko abin zai fito iri ɗaya.

Kuma ko rariyar nan wani lokaci tsakuwa na wucewa, ba zan ɓoye maka ba. Ka tuna lokacin korona a 2020 yadda sunan Farfesa Didier Raoult na Marsay ta Faransa ya cika wayoyinmu, aka ce ɗan'uwan nibakin na warkar da cutar, mutane suka yi ta neman nibakin kamar me. Shi ba ɗan damfara ba ne na bakin tasha, babban farfesa ne, kuma an buga aikin a mujalla. Amma mutum 36 kacal ke cikin lissafin, 20 aka ba maganin, kuma akwai mutum shida da aka fara ba su aka fitar da su daga lissafin, cikinsu uku jikinsu ya tsananta an kai su ɗakin masu jinya mai tsanani, ɗaya ya rasu. To in ka cire waɗanda abin ya ɓaci a kansu ai dole sauran su yi kyau. Kuma kwana ɗaya tak tsakanin miƙa takardar da karɓarta. Bayan wata uku sai ga wani babban gwaji daga Ingila, an ba mutum fiye da 1,500 maganin an kwatanta da fiye da 3,000 da ba a ba, ba a ga ya rage mutuwa ba. Wannan gwajin dai shi ya gano wani tsohon magani mai arha, dekisametazon, yana rage mutuwar waɗanda aka sa ma injin numfashi da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ita kuwa takardar Marsay sai a Disamba 2024 mujallar ta janye ta a hukumance. Yanzu Alhaji ka gaya mini, cikin mutanen gurup ɗinku da suka ji labarin nibakin, mutum nawa suka ji labarin janyewar? Nan ciwon yake. Labarin farko shi ke da ƙafa, gyaran da ke biyo baya ba mai tura shi.

Don haka in an turo maka, ka maida tambaya cikin gurup ɗin da ladabi, wane ne ya yi binciken, a ina, a kan mutum nawa, a kan mutane ne ma ko a kan ɓeraye, kuma mai maganar yana da abin da yake saidawa? In saƙon ya ƙare da lambar waya da farashi ka riga ka samu amsarka. In kuma ya ce magani ɗaya na warkar da suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa duka, kada ka tura ma kowa.

TAMBAYA, daga wani manomi a yankin Dakoro: Malam bara rediyo ta ce meteyo sun ce damana za ta yi ruwa sosai, munka shibka da wuri, sai ruwa ya ɗauke muna kwana ashirin hatsi ya ƙone sai da munka sake shibka. Shin ƙarya su kai ko ba su sani ba?

AMSA: Allah ya maida alheri Baba, sake shuka ba ƙaramin abu ba ne ga wanda irinsa ke auna da tiya. Abin da ke faruwa shi ne maganar tana ragewa a hanya. Kafin kowace damina masana yanayi na ƙasashen Sahel na taruwa tare da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa tun 1974, su duba zafin ruwan teku da lissafin kwamfuta su fitar da hasashe. Amma ba sa cewa za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Kashi uku suke raba abin, ruwa sama da yadda aka saba, daidai da yadda aka saba, ko ƙasa da haka, kowanne da nauyinsa, kuma "yadda aka saba" ɗin ma'aunin shekara talatin ne, 1991 zuwa 2020. A misali za su iya cewa 45 cikin ɗari sama, 35 daidai, 20 ƙasa. Kafin wannan ya fito daga Faransanci ya shiga Hausa ya shiga minti biyu na labarai, ya koma "bana akwai ruwa", sauran 55 ɗin sun zube a hanya.

Sannan jimillar ruwan damina gaba ɗaya ake nufi kuma a yanki mai faɗi, ba gonarka ba. Ana iya yin ruwan wata guda cikin dare biyu, kamar yadda muka gani nan Maradi a ƙarshen Agusta 2024 da gidaje suka yi ta faɗuwa, sannan a yi kwana ashirin ba ɗigo. Cikin takardar tasu akwai wani sashe da ya fi maka amfani, inda suke hasashen lokacin faɗuwar damina da tsawon ɗaukewar ruwa a farkonta da ƙarshenta, shi ne ba a cika karantawa a rediyo ba. Bana ka tambayi malamin gona na kominku wannan sashen musamman, kuma kada ka zuba irinka duka a shukar fari.

TAMBAYA, daga wata uwa a Madarunfa: Malam ni dai wata magana na ji wajen awo, wai maganin rigakafin zawo da ake ɗiga ma jarirai a baki a nan Madarunfa aka gwada shi kan ɗiyanmu kafin a kai ko'ina. Gaskiya ne? In gaskiya ne ai sun maida mu abin gwaji kenan, raina bai kwanta ba.

AMSA: Hajiya na gode da kika tambaya maimakon ki bar abin a ciki. Eh, an yi gwajin wani rigakafin zawo a gundumar Madarunfa, kuma ina so ki ji yadda aka yi shi da abin da aka samu, don haƙƙinki ne.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna rotabirus, ita ce kan gaba wajen zawo da amai mai tsanani da ke tsotse ruwan jikin jarirai. Rigakafinta ya riga ya wanzu, amma sai an riƙe shi cikin sanyi tun daga kamfani har bakin yaro, kin kuwa san yadda wuta da firji suke a ƙauyukanmu. Sai wani kamfani a Indiya, Serum Institute, ya haɗa wani wanda ke jure zafi har wata da watanni. Cibiyar bincike ta Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, su suka gwada shi a yankinku daga 2014. An raba jarirai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ɗiga musu rigakafin sau uku, a sati 6 da 10 da 14, wasu aka ɗiga musu abin da ya yi kama da shi amma babu maganin a ciki, kuma daga uwar har ma'aikacin da ke ɗigawa ba wanda ya san wanne ne wanne, don kada son rai ya shiga lissafi. Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissafi da su, zawo mai tsanani na rotabirus ya kama 31 a ɓangaren da suka samu rigakafin, ya kama 87 a ɗaya ɓangaren. Shi ne masana ke cewa kariyarsa 66.7 cikin ɗari, a Hausance cikin yara uku da cutar za ta kwantar, biyu sun tsira. Ba wai yaron da aka ɗiga ma ba zai ƙara zawo ba ne, zawo iri-iri ne, wannan ɗaya yake tarewa. An buga sakamakon a Maris 2017 cikin ɗaya daga manyan mujallun likitanci na duniya da ke fitowa a Boston ta Amurka, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Yau akwai jarirai a wasu ƙasashe da ke shan wannan rigakafin albarkacin iyaye mata na Madarunfa da suka yi ta sintiri da goyo zuwa wajen awo.

Shi kuma tsoron naki ba zan ce ba shi da tushe ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a ciki, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace ma rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Kin ga abin da rashin bayani ke jawowa, ba ya tsayawa kan waɗanda aka yi ma.

Ga abin da za ki riƙe. Kowane magani da kika taɓa ba ɗanki a kan ƴaƴan wasu aka fara gwada shi, don haka gwaji a kansa ba zalunci ba ne, yin sa a ɓoye shi ne zalunci. Ƙa'ida ita ce sai kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa ya yarda, sai an yi miki bayani da harshen da kike ji, sai kin amince da kanki, kina da ikon cewa a'a kuma a ci gaba da duba ɗanki kamar kowa, kina da ikon fita ko an fara. In aka kawo miki takarda a ce dangwala kawai, kada ki dangwala sai an karanta miki. Ni kuma abin da ke ci mini rai, a ce labarin da likita a Boston ya karanta tun 2017 ke da aka yi abin a ƙofar gidanki sai yanzu yake iso miki, kuma a matsayin jita-jita. Wannan nauyi ne a kanmu duka, mu malaman lakwal da ƴan jarida da masu rediyo. A ganina binciken da aka yi a kan ƴaƴan mutane bai kammala ba sai an koma gindin iccen da aka tara iyaye tun farko an faɗa musu abin da aka samu, kuma a maimaita a rediyo har ya zauna.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Barka Malam. Ina rubuta memwar kan ingancin ruwan rijiyoyi, amma duk artikil ɗin da na samu a intanet sai a ce in biya dala talatin ko arba'in na Amurka kafin in karanta. Sannan wata mujalla ta turo mini imel wai in na biya za su buga aikina cikin kwana uku. In tura musu?

AMSA: Kada ka tura ƙanena. Ka karanta amsar da na ba Alhajin Bagalam, tankaɗen da ke cin watanni ba ya yiwuwa a kwana uku. Waɗannan mujallun kuɗi kawai suke karɓa, ko me ka aika za su buga, kuma ranar da za ka nemi ƙarin girma a gaban CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'i, ko ka nemi gurbin dokta a waje, sunan irin wannan mujalla a takardunka zai rage maka daraja ne. Ka nuna ma malamin da ke duba aikinka imel ɗin kafin komai.

Batun biya kuwa tsohon ciwo ne. Masu bincike su ke rubutawa, su ke duba aikin juna galibi ba a biyan su ko dala, sannan kamfanonin buga mujallu su saida ma jami'o'i da tsada. Da aka matsa a buɗe ma kowa sai nauyin ya koma kan marubuci, mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga wanda ke son a buɗe artikil ɗinsa kyauta, fiye da miliyan 6 na sefa kenan a kan takarda ɗaya. Amma akwai ƙofofi. Shirin Research4Life, wanda ya samo asali daga Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, yana ba cibiyoyin ƙasashe irin namu damar karanta dubban mujallu kyauta, ka tambayi mai kula da laburare. Akwai AJOL da ke tara mujallun Afirka, akwai HAL na Faransa, kuma a Google Scholar in ka danna inda aka jera sauran kwafe sau da yawa za ka tarar da na kyauta. In duk ya ƙi, ka rubuta ma marubucin kai tsaye layi uku cikin ladabi, yawancinsu murna suke yi su turo.

Tunda ruwa kake aunawa bari in ɗora maka wani nauyi. Ka san labarin Tibiri, nan kusa da mu. Tun tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutane na shan ruwan foraj mai yawan sinadarin fuliyor, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, haƙoran yara suka rine, ƙafafun wasu suka lanƙwashe, kuma har yau suna nan cikinmu sun girma da shi. Awo ne da labo ke iya yi a yini guda. Don haka in ka auna rijiyar wani gari ka ga abin da bai yi maka ba, kada ka jira ranar sutnans, ka sanar da malaminka ku sake awon, ku kai ma hukumar ruwa da ta lafiya da mai gari. In ka gama kuma ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, ka koma garuruwan da ka ɗebo ruwansu ka karanta musu. Memwar mai shafi tamanin da ke kwance a kabad ba ta hana kowa shan komai.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciyar lafiya a Tasawa: Malam ya zan fassara birus da bakteri da Hausa? Duk "ƙwayar cuta" muke cewa, shi ya sa mai mura ke zuwa ya ce lallai sai an ba shi amoksisilin.

AMSA: Ƴar'uwa kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi tun ina aji. Kalma ɗaya muke ɗora ma abu uku, birus da bakteri da irin ƙwayar zazzaɓin sauro, alhali maganin wannan ba ya taɓa wancan, kuma shan amoksisilin a kan mura ba ya kashe birus, sai dai ya koya ma bakterin jikin mutum jure magani. Ni ban ga laifin aro ba, yadda muka ari asibiti da allura suka zama namu haka za mu ce birus mu ce bakteri, amma kowace ki rataya mata misalin da aka sani. Ƙyanda da shan inna da mura na birus ne, tarin fuka da taifot da kwalara na bakteri ne. Tunda yanzu dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kamata likitoci da malaman harshe su zauna su tsaida kalmomin nan, kada Maradi ta ce wani abu Damagaram ta ce wani.

Amma kalma kaɗai ba ta isa. Shekarar da na samu madubin ƙara girman abu guda ɗaya mai aiki a lise, na sa yara suka ɗebo ruwan tabki a gwangwanin tumatir, na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi suka yi layi. Wata yarinya ta sa ido ta ɗago da sauri ta ce Malam motsi suke yi, ta sake leƙawa, ta kira ƙawarta da hannu ba ta ko ɗaga kai ba. Wata uku ina faɗin ƙwayar cuta a allo, sai ranar ta shiga. In akwai irin madubin a labonku, ki roƙi mai labo wata rana ya bar mata biyu uku masu jiran awo su leƙa.

TAMBAYA, daga wani dattijo a yankin Agye: Ɗana, kullum ku ne ke koya muna. Su masu binciken nan akwai abin da sunka taɓa koya wurinmu kuwa? Kuma buhun nan mai leda biyu da aka ce wake ba ya ɓaci ciki, ni nawa ya ɓaci.

AMSA: Baba wallahi akwai, kuma a gonakinku aka yi shi. Sassaben zamani da kuke yi, a bar kututturen kalgo da sabara da gawo su tofo, a zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi a sassabe sauran, yau ana koyar da shi a ƙasashe da dama. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya yi aiki nan Maradi, shi ya lura a 1983 cewa abin da ake ɗauka ƙananan ciyayi ne a gonaki ashe itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, bayan ya sha wahalar dashen da ke mutuwa. Aka fara yaɗa abin sosai lokacin yunwar El-Buhari ta 1984, amma waɗanda suka riƙe shi suka gyara shi yadda ya dace da gona ku ne, maƙwabci ya ga na maƙwabci ya samu itacen wuta da harawar dabba da inuwa shi ma ya bari. Shekara kusan ashirin abin na tafiya daga baki zuwa baki manyan masana na waje ba su san girmansa ba, suna ta rubuta hamada na cinye Sahel. Sai a shekarun 2000 da Larwanu Mahaman ɗan ƙasarmu da Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na sabon zamani, suka bi ƙasa suka duba, suka ga kimanin eka ta Faransa, wato hekta, miliyan 5 ta sake yin itace a jihohin Maradi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin tare da Yakuba Sawadogo, manomi ɗan Burkina. Wannan karon ilimin daga gona ya tashi ya tafi mujalla.

Shi kuma buhun nan mai leda biyu da ake ce ma PICS ta ɗaya hanyar ya biyo, daga jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu bincikenmu na cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, irin su Farfesa Ibrahim Bawa masanin ƙwari, aka fara yaɗa shi a 2007. Abin da ya burge ni ba su tsaya ga takarda ba. Na taɓa halartar buɗe buhu a wani ƙauye, bayan girbi an karɓi waken mutanen garin an ɗaure a gabansu an aje, sai da bazara ta yi zafi aka tara jama'a a ƙofar mai gari. Aka fara kwance buhun da aka saba, gari ya tashi, ƙwari na yawo a hannun mai kwancewa. Aka kwance na ledar, wata tsohuwa ba ta jira bayanin kowa ba ta tura hannu har gwiwar hannu ta ɗebo daga can ƙasa, don ta ce na sama ana iya yi mata dabara, ta watsa a tafi ta jujjuya, ta ɗauki ƙwara ɗaya ta gatsa, sannan ta juya ta tambayi nawa ne buhun. Ba a ƙara wani dogon jawabi ba ranar.

Naka da ya ɓaci Baba, babu magani a cikin buhun nan ko kaɗan, iska ce ake hana shiga, ƙwarin su shanye wadda ke ciki su mutu, don haka huda ko ta tsinin allura ta isa ta ɓata aikin. Kafin ka zuba ka hura kowace leda ka matse bakinta ka ji ko tana saki. Waken ya bushe ƙarau, a sheƙe shi a fidda tsinke da kara masu huda leda. Ka matse iskar da ta rage sannan ka murɗe bakin leda ta ciki ka lanƙwasa ka ɗaure ta ita kaɗai, ta biyu ma ita kaɗai, sannan buhun waje, ba a haɗa su ɗauri ɗaya. Ka ɗora shi kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma wanda za a riƙa ɗiba don tukunya a ware shi daban, na ajiya kada a buɗe shi sai ranar da za a kai kasuwa. In ka duba ledar bara ka ga ƴan ƙananan huji, ka aiko mini in sani ko daga ciki aka huda ko daga waje.